Kwamfutar da Na Haɗa Don Wasa

Shekarar da na kwashi adashin malamai, Inna ta riga ni kashe kuɗin a zuciyarta. Firiza za a saya, a ajiye a gidana na Gusau, in riƙa daskarar da ruwa da zoɓo ana sayarwa. Lokacin Gusau ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ma'aikata sun cika gari, kowa na neman abin sanyi. Lissafin Inna daidai yake, ni da nake koyar da lissafi a makarantar 'yan mata ban ga inda zan gyara mata shi ba.

Wata Asabar bayan kaka na je Bunguɗu na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na zauna na ja tire gabana ina taya ta. Ni ce ta fari, don haka ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "ke".

"Ke, an ba ki kuɗin?"

"An ba ni, Inna. Amma kwamfuta zan saya."

Ta dakata da ɓara. "Irin wadda ake buga takardu da ita a biya? To, ita ma sana'a ta."

Da na ce e, da zancen ya mutu a nan. A lokacin an fara buɗe shagunan buga takardu a Gusau, kuma ba wanda zai zagi malamar makaranta don ta nemi abin ƙari. Na dubi gyaɗar da ke hannuna, na ji ba zan iya ba.

"A'a, Inna. Wasa zan yi da ita."

"Mi?"

"Wasa. Tseren motoci."

Ta dube ni tun daga ɗankwali har zuwa ƙafa. Ta ce mace da aurenta, da karatunta, ta kwashe gumin shekara ta zuba a wasa? Ta tambaye ni ko Malam, wato maigidana, ya san da zancen. Na ce ya sani. Ta ja tiren gyaɗar daga gabana ta mayar gabanta, ta ci gaba da ɓararta ita kaɗai har na yi la'asar na kama hanya.

Ciwon wasan nan ya kama ni ne a shekarar bautar ƙasa, a wata makaranta a Kudu. Akwai wata malama a can da ke kula da kwamfutar makarantar, mun shaƙu da ita sosai. Idan an tashi, sai ta rufe ƙofa ta sa mana tseren motoci. Wata rana kuma ta kwance murfin na'urar a gabana tana share ta, na leƙa na ga ashe ba tsafi a ciki, ƙarafa ne da wayoyi da mutum ya jera da hannunsa. Bayan na dawo gida ba mu yanke zumunci ba. Takan ba direbobin manyan motoci mujallun kwamfuta da ta gama karantawa su kawo mini. A cikinsu na ga labarin wani furosesa mai araha, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda masu shi suka rubuta masa gudun ɗari uku, amma idan ka iya lallaɓa shi sai ya yi ɗari huɗu da hamsin, ya kamo na masu kuɗi. Sharaɗin guda ne: sai an ɗora shi a kan madabod ɗin da ya dace. Madabod shi ne babban allon da kowane abu ke hawa kansa. Wani a ƙulle yake, yadda aka ƙera shi haka zai tafi har ya mutu. Wani kuma yakan bar ka ka shiga ka ƙara gudu, ka ɗan ƙara wuta idan da bukata. Wannan na biyun nake so, mai tsaga ta musamman da za a soka katin hoto, don shi ke sa mota ta yi kwana ba tare da hoton ya riƙa tsinkewa ba.

Malam malamin gona ne, a Tsafe yake aiki, yakan dawo ƙarshen mako. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba, bai kuma yi kamar ya gane abin da nake faɗa ba. Da na gama yi masa bayani sai ya ce, "Wato jaki za ki saya ki ce sai ya yi sukuwar doki." Na ce haka ne. Ya yi dariya ya ce Allah Ya ba jakin haƙuri. Shi ya raka ni shagon Alhaji.

Alhaji shi ne mutum ɗaya da na sani a Gusau mai zuwa Legas sarin kayan kwamfuta. Ofisoshin sabuwar jiha yake kai wa, don haka shagonsa cike yake da tsofaffin na'urorin Turai da aka wanke aka goge. Dattijo ne mai fara'a, amma tun da muka shiga Malam yake kallo. Ina magana yana ba Malam amsa.

"Malam, ga wannan, haɗaɗɗiya ce. A kai gida a jona kawai."

Na ce, "Alhaji, ba haɗaɗɗiya nake so ba. Ɗaya-ɗaya za ka sayo mini, ni zan haɗa."

Sai a lokacin ya juyo. Na faɗa masa sunan madabod ɗin, na yage shafin mujallar mai hotonsa na miƙa masa. Ya ɗaga shafin yana nisa da shi daga idonsa, ya ce to, Malama, in Allah Ya kai mu.

Da ya dawo ya aika aka kira mu. Komai ya zo: furosesa, ram mai riƙe abin da na'ura ke aiki a kai, katin hoto, akwatin da za a zuba su, har da allon kallo mai ƙaton ƙeya. Sai ya ɗauko kwalin madabod ya ɗora a tebur yana murmushi. Tun ban buɗe ba na ga ba shi ba ne. Na buɗe don kada a ce na yi gaggawa. Irin na ofis ne, komai a manne, ba tsagar katin hoto, ba inda za a taɓa gudu.

"Alhaji, ba wannan na ce ba."

"Wannan ya fi wancan sauƙi, kuma shi kowa ke saya. Na zagaya, wanda kika ce ya yanke a kasuwa."

"To, sai ya dawo. Gudun furosesa zan ƙara, wannan kuwa ba zai bar ni ba."

Murmushin ya ragu. Ya ce shi ba ya so ya cuce ni, shi ya sa zai faɗa mini gaskiya. Wanda ya ƙera abu ya ce ga iyakarsa, ni wace ce da zan ce ya yi ƙarya? Masu rubuta mujallun nan a ƙasar sanyi suke zaune, wutarsu ba ta rawa. Nan Gusau ne. Idan bazara ta shigo, ko mutum bai ƙara wa na'ura gudu ba sai ta yi haki. In na ƙona abin, ba wanda zai karɓa a Legas, shi ma ba zai karɓa ba. Ya juya wajen Malam.

"Malam, ka yi mata magana mana."

Malam yana zaune a kan benci yana juya hularsa a gwiwa. Ya ce, "Alhaji, kuɗinta ne. Ni rakiya na yi."

Na mayar da madabod ɗin cikin ledarsa, na rufe kwalin, na tura shi gaban Alhaji. Na ce na ji, kuma na gode, in ya ƙone nawa ne ya ƙone, ba zan zo ƙofar shagonsa da kuka ba. Amma wannan ba zai bi ni gida ba. Ya ce sai dai in jira wata tafiyar, kuma bai san ranarta ba. Na ce ina da haƙuri. Muka kwashi sauran kayan muka fito.

A hanya Malam ya ce, "Kin san fa abin da ya faɗa game da zafi gaskiya ne."

Na ce na sani.

Jiran ya yi tsawo. Allon kallon na nan a kuryar ɗaki na lulluɓe shi da zane, duk wadda ta shigo sai ta ɗaga ta ce in kunna mata talabijin. Furosesa da ram kuwa a cikin kwalla na adana su, ƙarƙashin kwanukan da ban taɓa amfani da su ba tun na aure. Labari ya riga ya zaga makaranta. A ɗakin malamai wata ta ce ta ji na sayi kwamfutar da ba ta da ciki. Wata ta ce ai da na ƙara kaɗan da na sayi fili a bayan gari. A wani suna da muka je Bunguɗu, ƙanwar mahaifina ta tare ni a gaban mata tana cewa, "Ina direba? Yaushe za a ɗauke mu a motar?" Aka kwashe da dariya. Na ce, "Gwaggo, ba ta ɗaukar fasinja." Dariyar ta koma kanta. Inna tana gefe tana zuba waina a kwano, na ga ta sunkuyar da kai, ban sani ba ko haushi ne ko dariya take ɓoyewa.

Sanyi na gab da fita madabod ɗin ya iso. Wannan karon shi ne. Alhaji ya miƙo mini da hannunsa, bai ce wa Malam komai ba. Ya ce sai da ya taka har wani lungu da bai taɓa shiga ba, kuma mai sayarwar ya tambaye shi wane injiniya ne ke neman wannan a Arewa.

"Me ka ce masa?"

"Na ce wata mai taurin kai ce."

Ranar Asabar da hantsi na share ɗaki, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na cire awarwaro da zobe na zuba a kofi. Mujallun sun ce kafin ka taɓa kayan ka dafa ƙarfe don wutar jikinka ta fita, sai na riƙa tashi ina kama ƙarfen taga kamar mai neman tabarraki. Malam ya zauna a bakin ƙofa da butar shayinsa, aikinsa miƙo sukudireba da nemo ƙananan kusoshi idan sun gangara cikin saƙar tabarma. Na ɗaura allon a cikin akwatin. Na soka furosesa a tsagarsa, ya tsaya ƙyam kamar kaset. Na sa ram, na sa katin hoto, na bi wayoyin nan sirara ɗaya bayan ɗaya ina duba ɗan littafin da ya zo a kwalin. Hannuna da sauran lallen sunan nan, ina ganinsa ja a kan allon.

Allah Ya taimake ni akwai wuta. Na yi bisimilla na danna. Fanka ta juya, amma allon kallo baƙi ƙirin, sai wani kuka mai tsawo da na'urar ke yi tana maimaitawa. Malam ya ajiye kofi. Na kashe, na zauna a kan dugadugaina, zufa na bin bayana. Abin da ya fara zo mini ba kuɗin ba ne, fuskar Gwaggo ce. Na sake bin komai daga farko. Ashe ram ɗin ne bai zauna ba, tsoro ya hana ni danna shi da ƙarfi. Na sa manyan yatsu biyu na taushe shi har ya ce ƙas. Na sake dannawa. Ƙara ɗaya gajeriya, sai fararen rubutu suka hau allon.

Ban yi guɗa ba, don ban iya ba. Malam ne ya tashi tsaye yana cewa, "Kai! Kai! Ta tashi!" har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

Na bar ta a gudunta na asali na ɗan lokaci, na zuba mata abubuwan da take bukata, na tabbatar lafiyarta lau. Sannan wata rana bayan na dawo daga makaranta na shiga shuɗin allon saiti, inda ake ƙara gudun. Lamba ɗaya ce za a canja. Na canja ta, na adana, na'urar ta mutu ta sake tashi. A saman allon ta rubuta ɗari huɗu da hamsin. Na sa tseren. Motar da jiya take sarƙewa a kwana yau ta wuce sumul, itatuwan gefen hanya suna gudu kamar ruwa. Na yi ta tuƙi har tuwo ya kama a tukunya, ranar sai gari na jiƙa.

Daɗin bai daɗe ba. Bazara ta shigo da ƙarfinta, irin wadda kwanon rufi ke ƙara da rana tsaka. Sai ina cikin tsere, na kusa cin na gabana, hoton ya daskare, ƙarar injin ta maƙale a wuri ɗaya kamar ƙudan zuma a kwalba. In na dafa ƙarfen da ke kan furosesa sai in janye yatsa. Alhaji bai yi ƙarya ba. Maganin a fili yake: in koma shuɗin allo in mayar da lambar yadda take. Malam ya faɗa mini haka sau ɗaya, a hankali. Na ce ban sha zagin mutanen Bunguɗu don in yi gudun ɗari uku ba.

Na fara da mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Na sayi ɗan farin man da suke shafa wa ƙarafan amfilifaya don kada su ƙone, na goge tsohon da ke kan furosesa na shafa wannan siriri. A wajensa kuma na samu wata babbar fanka da aka ciro daga mataccen injin kwafin takardu. Saura inda iskar za ta shiga. Malam ya ce akwai wani mai walda a Tsafe, kusa da ofishinsu, mai hannu da kyau. Na kwance murfin gefen akwatin, na zana da'ira da alli, na naɗe shi a zane na hau motar Tsafe. Matar da ke kusa da ni ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta ce ko farantin gashi ne. Na ce kusan haka.

Mai waldan ya juya murfin gaba da baya, ya ce wannan fenti mai kyau za a ɓata? Ya tambayi Malam ko injin ƙyanƙyasar ƙwai ake haɗawa. Malam ya nuna ni da haɓa. Na ce ya bi allin kawai, ya huda ƙananan ramuka huɗu a gefe. Ya yanka, ya goge bakin da zarto har ya yi santsi, ya ƙi karɓar komai, wai ladansa shi ne wata rana a nuna masa abin da ake sanyayawa. Daga baya Malam ya kawo shi gida, ya zauna ya kalli tsere guda, ya ce direban ba shi da hankali.

Da fankar ta hau, na'urar ta koma ruri kamar injin niƙa, amma ta daina daskarewa, sai fa a tsakiyar rana. A wannan lokacin nakan jiƙa buhu in rataya a taga, iskar da ke shigowa ta ɗan yi sanyi. Haka muka ci bazarar, ni da ita, kowa na zufa.

Abin da ya kayar da ita ba zafi ba ne. Ranar da hadarin farko ya haɗu, ina cikin wasa da yamma, iska ta taso tana kaɗa wayoyin unguwa. Na ce bari in ƙarasa wannan zagayen. Fitilar ɗaki ta yi haske fiye da kima, na ji fat, sai wari kamar an ƙona roba. Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin. Na fizge wayar daga bango, amma aikin gama ya gama.

Na zauna a ƙasa ruwa na dukan kwano. A ranar na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma a ɗakina na yi shi. Da Malam ya dawo ƙarshen mako ya shinshina bayan akwatin, bai ce ai an faɗa miki ba. Ya ce, "Duka ne ya tafi?" Na ce ban sani ba. Akwatin wutar da ke ciki, wanda ke raba wa kowane sashe nasa, shi ne ya ƙone tabbas. Ko ya tafi da madabod da furosesa, sai an jona wani za a gane. Kuma a duk Gusau wuri ɗaya na sani da za a samu wani.

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta na naɗe na'urar a zane na tafi ni kaɗai. Alhaji na ganina ya tashi ya karɓe ta ya ɗora a tebur. Ya ga ramin da aka yanka, ya ga ƙatuwar fankar, ya sa yatsa ya juya ta.

"Malama, wannan kuma fa?"

"Maganin zafin da ka faɗa ne, Alhaji. Ba kuka na zo yi ba. Akwatin wuta zan saya, amma ina so a gwada a nan."

Ya ɗauko sabo daga kanta. Ya miƙo mini sukudireba, ya ja kujera ya zauna. Wasu ma'aikata biyu da suka zo karɓar kaya suka matso suna kallo. Na cire ƙonannen, na ɗaura sabon, na jona wayoyin. Alhaji ya jawo allon kallo na shagonsa ya haɗa mini. Na sa yatsa a kan maɓallin na kasa dannawa. Ya ce, "Danna mana, abin da Allah Ya rubuta ya riga ya bushe."

Na danna. Fankar ta ɗauki rurinta, ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ja da baya. Ƙara ɗaya gajeriya. Rubutu ya hau allon. Saitin ya goge, ta koma ɗari uku, amma tana raye.

Alhaji ya sauke numfashi ya ce alhamdulillahi, har cikin ransa ya faɗa. Sannan ya ce, "To, Allah Ya rufa asiri. Ga ta ta dawo hankalinta da kanta. Yanzu sai a bar ta haka ko?"

Na jawo kibod, na shiga shuɗin allon, na gangara kan lambar na canja ta, na adana. Na'urar ta mutu ta tashi. Alhaji ya sa tabarau ya matso da fuskarsa, ya karanta abin da ta rubuta a saman allon, ya cire tabaraun ya girgiza kai. Sai ya shiga ciki ya fito da sitabilaiza mai nauyi, wadda ke daidaita wuta, ya dire kusa da ita.

"Wannan dai za ki saya, ko kin ƙi ko kin so. Kuma in kin ga hadari ki kashe."

A wannan ban yi masa gardama ba. Ya fita da kansa bakin titi ya tare mini tasi, ya sa sitabilaizar a but. Na'urar kuwa na ƙi yarda a sa ta a baya, a cinya na riƙe ta. Muna kaiwa shataletale aka fara yayyafi, na ja mayafina na rufe ramin fankar, na ce wa direba ya bi a hankali, akwai ramuka a hanyar unguwarmu.